Haɗa Gwajin Ido da Kula da Masu Juna Biyu a Ƙasar Sandamu: Darussa Daga Binciken Ostireliya

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan dangantakar da ke tsakanin lafiyar ido da irin kulawar da mace take samu tun daga ɗaukar ciki har zuwa yaye, sa'an nan a nuna yadda za a yi amfani da wannan dangantaka wajen rage makanta a ƙasar Sandamu da sauran gundumomin Masarautar Daura. A tsarin aikin asibiti na ƙasar nan, sashen ido daban yake, sashen mata da haihuwa kuma daban, kowanne da ɗakinsa da ma'aikatansa da littafin rajistarsa. To, amma cuta ba ta san da wannan rabo ba, domin kuwa da yawa daga cikin abubuwan da ke makantar da yaro suna somawa ne tun yana ciki, ko ranar da aka haife shi, ko kuwa yana goye a bayan uwarsa. Haka kuma akwai cututtukan da ke barazana ga ran mai ciki waɗanda a ido suke fara nuna alama.

Ra'ayin da za mu kare shi ne, a wurin da likitan ido yake nesa, mafi sauƙin hanyar gano ciwon ido da wuri ita ce a ɗora gwajin a kan lokutan da uwa da ɗa suka riga suka saba haɗuwa da ma'aikatan lafiya, watau awon ciki, da haihuwa, da makon suna, da ranakun rigakafi. Za mu kafa hujja da binciken da aka yi a Arewacin Nijeriya, da kuma wasu bincike uku da aka yi a Ostireliya, ƙasar da likitocinta suka yi fice wajen gano alaƙar ido da halin da uwa take ciki.

2.0 ƘASAR SANDAMU DA GIRMAN MATSALAR

Sandamu ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar da ke ƙarƙashin Masarautar Daura a Jihar Katsina. Sauran su ne Daura da Ɓaure da Zango da Mai'aduwa. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 130,000, galibinsu Hausawa da Fulani manoma da makiyaya. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne ginshiƙin abinci. Damina gajera ce, rani kuwa dogo, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara lokacin da ruwa yake ƙaranci, ɗanyen ganye yake wuya. Waɗannan abubuwa, watau ƙura da ƙarancin ruwa da ƙarancin ganye, kowannensu yana da hannu a ciwon ido, kamar yadda za mu gani.

Babban binciken makanta na ƙasa baki ɗaya, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2007, ya duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An sami kashi 4.2 cikin ɗari daga cikinsu makafi ne, kuma abin ya fi tsanani a Arewa bisa ga Kudu. An kuma gano cewa kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta ana iya hana ta ko a warkar da ita. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43 cikin ɗari, sai hawan jinin ido da kimanin kashi 17. Bayan waɗannan akwai tabon baƙin ido, abin da Bahaushe yake kira hakiya, wanda asalinsa sau da yawa ƙyanda ce ko amosanin ido da mutum ya yi tun yana yaro. Ashe ke nan wani sashe na makantar da ake gani ga dattawa, a ƙuruciya aka shuka ta.

A nan Jihar Katsina ma an yi bincike. A 2001 Dakta Mansur Rabi'u ya buga sakamakon aikin da ya yi a karkarar jihar game da yanar ido, kuma shi da Farfesa Adenike Abiose suka buga wani game da amosanin ido. Babban abin da ya fito fili shi ne, mutane da yawa da suke bukatar aiki ba su je ba, kuma rashin kuɗi yana kan gaba cikin dalilan da suka bayar.

Ta ɓangaren haihuwa kuwa, binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma kimanin kashi 16 cikin ɗari ne kaɗai na haihuwa ake yi a asibiti, alhali matan da suke zuwa awo, ko da sau ɗaya, sun wuce rabi. Wannan tazara tana da muhimmanci ga batunmu: mace tana zuwa awo, amma a gida take haihuwa a hannun ungozoma. Duk tsarin da bai yi la'akari da wannan ba, to, a takarda zai tsaya.

3.0 ABIN DA BINCIKEN OSTIRELIYA YA GANO

3.1 Norman Gregg da ƙyandar Jamus

A 1940 an yi annobar rubela, wadda ake kira ƙyandar Jamus, a Ostireliya. Cuta ce mai sauƙi ga babba: ɗan zazzaɓi da ƙuraje na kwana biyu ko uku. A 1941 wani likitan ido a birnin Sidni mai suna Norman Gregg ya lura ana kawo masa jarirai masu yanar ido fiye da kima. Ya tattara bayanin jarirai 78 daga wurinsa da wurin abokan aikinsa, ya tarar 68 daga cikin iyayensu mata sun yi rubela a farkon ciki. Kafin wannan lokaci, galibin likitoci suna ɗauka cewa naƙasar da ake haihuwar yaro da ita gado ce kurum. Gregg ne ya nuna cewa cutar da uwa ta ɗauka tana iya ratsa mahaifa ta lalata ido da zuciya, daga baya kuma aka tabbatar har da kunne. Abin lura a nan shi ne, da tambayar iyaye mata ya kai ga wannan sani, ba da wata na'ura mai tsada ba.

3.2 Kate Campbell da bakwaini

A 1951 wata likitar yara a birnin Melbon, Kate Campbell, ta gwama bakwainin da aka yi jinya a wurare dabam-dabam, ta ga cewa inda ake sakar musu iskar oksijin da yawa, nan ne aka fi samun wata makanta da ke lalata shimfiɗar bayan ido. Watau magani ne da kansa ya zama cuta saboda rashin awo. Wannan darasi ya shafe mu a yau, domin yayin da ɗakunan jinyar jarirai suke ƙaruwa a asibitocin Arewa, bakwainin da a da ba sa rayuwa suna rayuwa, kuma kowannensu yana bukatar a auna iskar da ake ba shi, a kuma duba bayan idonsa cikin makonnin farko.

3.3 Fred Hollows da 'yan asalin ƙasa

Ko da yake amosanin ido ya ɓace daga biranen Ostireliya tun farkon ƙarni na 20, ya ci gaba da addabar 'yan asalin ƙasar, watau Aborijin, waɗanda da yawansu suke zaune a ƙauyuka masu nisa cikin busasshiyar ƙasa mai ƙura da ƙudaje. Daga 1976 zuwa 1978 Farfesa Fred Hollows ya jagoranci wani shiri da ya ziyarci garuruwa fiye da 460, aka duba mutane kimanin 100,000, daga cikinsu kimanin 62,000 'yan asalin ƙasa ne. Ƙa'idar shirin ita ce ba a ƙidayar marasa lafiya a wuce. Duk inda aka yi gwaji, sai a ba da magani, ko tabarau, ko a yi aiki. Duk da haka cutar ba ta tafi ba, sai da aka kafa tsarin sa ido na dindindin a 2006, aka haɗa magani da wanke fuskar yara da gyaran ruwa da gidaje. Daga nan yawan cutar tsakanin yara masu shekara 5 zuwa 9 a garuruwan da abin ya shafa ya sauko daga kashi 14 cikin ɗari a 2009 zuwa kimanin kashi 4 a 2017.

Darussan da muka samu ke nan guda uku: lafiyar uwa tana bayyana a idon ɗa, kulawar da ba a auna ba tana iya cutarwa, gwaji kuma ba shi da amfani sai da magani a bayansa da tsari mai ɗorewa. Yanzu sai mu ɗora su a kan rayuwar uwa da ɗa a Sandamu, mataki-mataki.

4.0 MATAKAN DA IDO YAKE SHIGA HAƊARI

4.1 Lokacin ciki

Abu na farko shi ne dundumi. Shimfiɗar bayan ido tana bukatar bitamin A domin gani cikin duhu, ɗan tayi kuma yana jan nasa rabo daga jikin uwa, musamman a watanni ukun ƙarshe. Idan abincin uwa ya gaza, sai ta ga da magariba ta yi ba ta iya gane ƙwarya ko bakin ƙofa. Mata da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin laulayin ciki da zai wuce, saboda haka ba sa faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce idan kashi 5 cikin ɗari na masu ciki a wata al'umma suna dundumi, to, ƙarancin bitamin A ya zama matsalar jama'a a wurin. Gwajinsa tambaya ɗaya ce da ma'aikaciyar awo za ta yi: "Kina gani sosai bayan magariba?" Maganinsa na farko kuwa yana cikin abincin da aka sani: zogale, rama, alayyafo, kabewa, karas, mangwaro, gwanda, manja, ƙwai da man shanu. Amma fa a kiyaye, babbar ƙwayar bitamin A da ake ba yara ba a ba mai ciki, domin yawansa yana iya naƙasa ɗan tayi. Ƙaramin awo ne ma'aikacin lafiya yake ba ta.

Abu na biyu shi ne hawan jinin masu ciki, wanda kan bayyana bayan mako 20. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90, ga kuma furotin a fitsari, mace tana cikin haɗarin jijjiga. Daga cikin alamomin da ke gabatar jijjiga akwai matsanancin ciwon kai, da gani dishi-dishi, da ganin walƙiya ko ɗigo-ɗigo, wani lokaci ma ganin ya ɗauke gaba ɗaya na ɗan lokaci. Mai cikin da ta ce idonta yana rufewa, ba maganin ɗigawa take bukata ba. A auna jininta nan take a kai ta asibiti, inda allurar magnesiyam salfet take rage haɗarin jijjiga da kimanin rabi. Binciken Farfesa Kelsey Harrison a Zariya, wanda ya ƙunshi haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, aka kuma buga shi a 1985, ya riga ya nuna cewa matan da ba su yi awo ba su ne suka fi mutuwa, da tazara mai yawa. Ga mai ciki ke nan, ido ƙararrawa ce da ke iya ceton rai biyu.

Abu na uku shi ne cututtukan da uwa take miƙa wa ɗa. Rubela ba ta da magani in ta riga ta shiga, sai rigakafi kafin ciki. A watan Oktoba na 2025 Nijeriya ta soma gangamin allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, kuma 'yan matan da suka samu a yanzu su ne iyayen gobe. Ciwon sanyi kuwa ana iya gano shi a yi maganinsa lokacin awo, matar da mijinta tare, kafin ya kai ga idon jariri.

4.2 Ranar haihuwa da makon suna

Yayin da jariri yake fitowa, idonsa yana iya ɗaukar ƙwayar ciwon sanyi daga hanyar haihuwa. Cikin kwana biyu zuwa biyar sai fatar idon ta kumbura, mugunya tana zuba, kuma in ba a yi magani ba baƙin idon yana iya hujewa cikin 'yan kwanaki. Tun 1881 wani likitan haihuwa a Jamus mai suna Carl Credé ya nuna cewa ɗiga magani a idon kowane jariri da zarar an haife shi yana rage wannan cuta daga kimanin kashi 10 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 1. A yau man ido na tetarasaikilin ake amfani da shi a wurare da yawa: a share kowane ido da tsumma mai tsabta, a sa man sau ɗaya. Aiki ne da ba ya cin minti biyu, kuma ungozomar da aka koya wa tana iya yi.

A nan akwai gargaɗi da ya yi daidai da darasin Kate Campbell. Maganin kulohekzidin da ake shafawa a cibiyar jariri yana hana cuta, amma yana ƙona ido. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa an sami jarirai da dama a ƙasashen Afirka da suka sami mummunan rauni, wasu har suka makance, saboda an ɗauki kwalbar maganin cibiya a matsayin maganin ido. Saboda haka duk wanda ya miƙa wa mai jego wannan magani, wajibi ne ya nuna mata da baki da hannu inda ake sa shi. Haka nan ɗiga nono, ko ruwan sukari, ko jiƙon ganye a idon da ke mugunya, jinkiri yake jawowa, wani lokaci kuma ya ƙara ɓarna.

Kafin ranar suna, ko a cikin mako shida na farko, ya kamata a haska idon kowane jariri da tocila a nemi abubuwa uku. Na ɗaya, fari a tsakiyar baƙin ido, wanda yake iya zama yana ko kuma sankarar ido ta yara, mai kisa in an yi jinkiri. Na biyu, ido mai girma fiye da kima, mai yawan hawaye da gudun haske, wanda iyaye sukan yaba a matsayin dara-daran idanu, alhali yana iya zama hawan jinin ido na haihuwa. Na uku, mugunya da kumburi. Dalilin gaggawa shi ne, ƙwaƙwalwar jariri tana koyon gani ne a watannin farko. Yanar da aka cire cikin wata biyu ba daidai take da wadda aka cire bayan shekara uku ba, ko da aikin ya yi kyau.

4.3 Goyo zuwa yaye

Dakashi, watau nonon farko, yana ɗauke da bitamin A mai yawa, don haka al'adar matse shi a zubar asara ce ga idon jariri. Daga wata shida, lokacin da aka soma ba yaro koko ko kunu zalla, ajiyar jikinsa takan ragu. Idan ƙyanda ta same shi a wannan hali, sai ta ƙone ɗan abin da ya rage, baƙin idon ya bushe, ya yi gyambo, ya bar hakiya. A 1979 likitoci biyu da suka yi aiki a Arewacin Nijeriya, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, sun buga bincike a kan gyambon ido bayan ƙyanda a yaran ƙasar nan, suka nuna yadda rashin abinci mai gina jiki yake tsananta shi. Rigakafin a bayyane yake: allurar ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15, shuɗiyar ƙwayar bitamin A ga yaro mai wata 6 zuwa 11, da ja ga mai wata 12 zuwa 59, duk bayan wata huɗu zuwa shida. Makon lafiyar uwa da yara da ake yi sau biyu a shekara hanya ce ta isar da wannan. Yaron da ƙyanda ta kama kuwa, ana ba shi ƙwayar kwana biyu a jere, kuma idan ya rufe ido ya ƙi buɗewa, a buɗe a duba.

Sai batun kwalli. Tozalin dutse na gargajiya galibi ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya da aka sami gubar dalma a jininsa, aka gano kwallin da ake sa masa fiye da kashi 80 cikin ɗarinsa dalma ce. Bugu da ƙari, maciyin kwalli guda da ake zagayawa da shi idon yaran gida yana ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan.

4.4 Amosanin ido: cutar uwa da ɗa

Amosanin ido, wanda likitoci suke kira tarakoma, wata ƙwayar cuta ce take kawo shi, tana yaɗuwa ta hannu, da tsumma, da ƙudajen da ke sauka a kwantsa da majinar yara. Ƙananan yara ne matattararsa. Kamuwa sau da yawa tana sa cikin fatar ido ya yi tabo, ya tsuke, har gashin ido ya juya ciki yana gogar baƙin ido a kowane ƙiftawa. Mata sun fi maza kaiwa ga wannan mataki da kusan ninki biyu, saboda su ne kullum tare da yara, da bakin zanensu ake share fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara hanya mai rassa huɗu: aikin fatar ido, maganin azitoromaisin, wanke fuska, da gyaran muhalli, watau ruwa da masai. Jihar Katsina tana cikin jihohin da aka auna ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma a shirin taswirar cutar na duniya da aka yi daga 2012 zuwa 2016. Ƙasashen maƙwabta sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne: Gana ta sami shaidar kawar da cutar a 2018, Gambiya a 2021, Mali da Benin a 2023. Amma ko inda sabuwar kamuwa ta ragu, tsofaffin matan da fatar idonsu ta riga ta yi tabo suna nan, kuma su ne kakannin da ke rakiyar mai jego zuwa rigakafi.

4.5 Kafin shiga makaranta

Idan ido ɗaya ya fi ɗaya rauni, ko yaro yana da harara-garke, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da raunanan idon, kuma bayan shekara bakwai ko takwas gyaran yana wuya. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda wannan ne jihar Niyu Saut Wels ta Ostireliya ta soma gwajin gani kyauta ga duk yara masu shekara huɗu a 2008. Kayan aikin ba su da tsada: allo mai harafin E yana fuskantar ɓangarori dabam-dabam, a tazarar mita shida, a rufe ido ɗaya a gwada ɗaya, yaro yana nunawa da yatsu. Ba ya bukatar iya karatu, don haka malamin firamare ko na Islamiyya ko na makarantar allo yana iya koyonsa cikin yini guda.

5.0 TSARIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari kamar haka:

(a) A ƙara tambayoyi biyu a katin awo: ta dundumi, da ta dishi-dishi tare da ciwon kai. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas, kowane zuwa kuwa dama ce.

(b) A sa man ido cikin kayan haihuwar da ake ba mai ciki a awonta na ƙarshe, tare da bayani, tunda an san galibi a gida za ta haihu. A ware shi daga maganin cibiya.

(c) A koya wa ungozomomi da wanzamai alamomi uku na idon jariri, domin su ne suke ganin sa a makon suna. Aikinsu turawa ne, ba magani ba.

(d) A ranar rigakafi a haska idon yaro, a dubi fatar idon uwa da ta kakar da ta rako ta, a rubuta a katin yaron.

(e) A shigar da wannan darasi cikin horon ma'aikatan lafiya na matakin farko, musamman waɗanda ake horarwa a Daura, domin su ne za su zauna a ƙauyuka.

(f) A shata hanyar turawa a rubuce: daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa asibitin Daura, daga nan zuwa Katsina, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano wanda aka kafa a 1943, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Kowane ma'aikaci ya san wace cuta ce ta yau-yau, wace ce za ta iya jiran mako.

6.0 CIKAS DA YADDA ZA A TUNKARE SU

Babban cikas shi ne tazarar da ke tsakanin gano cuta da isa wurin magani. Uwar da aka gaya wa ɗanta yana da yana, sai ta sami izinin mai gida, da kuɗin mota, da kuɗin aiki, da mai riƙe mata sauran yara. In ɗaya ya ɓace, sai a koma ga abin da ke kusa. Binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun manya da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka tura yanar cikin ido da tsinke, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan idanu makafi ne lokacin da aka duba su. Mutane ba don ƙin asibiti suke zuwa wurinsu ba. Mai aikin gargajiya yana zuwa har ƙofar gida, yana kuma karɓar biya kaɗan-kaɗan. Tsarin zamani sai ya yi gogayya da wannan sauƙi.

Na biyu shi ne kunya, musamman a cikin fari, inda yarinya takan ɓoye ciki da duk abin da ke damunta. Wannan ya sa dole ma'aikaciya ta yi tambaya da kanta, kada ta jira a kawo ƙara. Na uku shi ne maza. Tunda izini da kuɗi a hannunsu suke, dole bayanin ya isa gare su ta bakin hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai. Tsarin sarautar Daura ya riga ya nuna ƙarfinsa a yaƙi da shan inna, wanda ya kai ga shaidar kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a 2020. Wannan hanya ɗaya tana iya ɗaukar saƙon ido.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun bi uwa da ɗa tun daga awon ciki har zuwa ƙofar makaranta, mun ga cewa a kowane mataki akwai ciwon ido da tambaya ɗaya, ko tocila, ko man ido, ko allon gwaji zai iya tarewa. Binciken Gregg da Campbell da Hollows ya nuna cewa sanin ya daɗe a hannu. Abin da ya rage shi ne tsari. Muna kira ga malaman da ke wannan taro, musamman na sassan kiwon lafiya da na harshe, da su haɗa hannu a yi abu biyu: a ƙidaya yawan dundumi tsakanin masu zuwa awo a Sandamu cikin shekara guda, rani da damina, sa'an nan a daidaita kalmomin Hausa na cututtukan ido, domin abin da ma'aikaciya take nufi da yana ko hakiya ko amosani ya zama shi ne abin da uwa ta fahimta. Wanda duk zai yi ƙidayar kuwa, ya tanadi magani da hanyar turawa kafin ya soma.